Me Ya Haɗa Maganin Sankarar Hanta Da Daskarewar Jini?



Duk wanda reza ta taɓa yanka ya san jini yakan zuba kaɗan, sannan ya daskare da kansa. Hanta ce ke haɗa yawancin sinadaran da ke sa shi daskarewa, wasunsu ma sai da bitamin K take iya haɗa su. To, idan hantar ta kamu da sankara fa?

Hanta tana samun jini ta hanya biyu. Babbar jijiyar da ke taho wa daga hanji tana kawo mata kusan kashi uku cikin huɗu, sauran kuma yana zuwa ta jijiyar da ke kawo jini daga zuciya. Abin mamaki, ƙarin sankara ya fi dogaro da wannan ta biyun. Da likitoci suka gane haka, sai suka yi dabarar hana shi abinci. Likita zai huda jijiya a saman cinya, ya zura siririn bututu har zuwa hanta yana kallo a na'urar hoto, ya tura maganin kashe sankara tare da wasu ƙananan ƙwayoyi da za su toshe hanyar. Ana kiran wannan aiki TACE.

Sai dai lafiyayyen ɓangaren hanta ma yana shan wahala. Bayan aikin takan yi rauni na wasu kwanaki, sinadaran daskarewa su ragu, jini ya riƙa jinkirin tsayawa. Ga shi kuma yawancin masu wannan cuta hantarsu ta riga ta ƙanƙance, sau da yawa saboda ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a nan Afirka ta Yamma (akwai allurar rigakafinsa, ana yi wa jarirai). Irin waɗannan marasa lafiya saifarsu takan kumbura ta riƙe ƙananan ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni. Shi ya sa kafin aiki ake gwada tsawon lokacin da jininsu ke ɗauka ya daskare, a kuma ƙirga ƙwayoyin. Bayan an cire bututun sai a danne wurin sosai, mutum ya kwanta sa'o'i bai lanƙwasa ƙafa ba.

A ganina, ɗaya gefen ya fi ban tsoro. Sankara kanta tana iya sa jini ya yi guda a inda ba a so, har cikin babbar jijiyar nan ta hanji. Idan ta riga ta toshe, likita kuma ya zo ya toshe ta biyun, ta ina hanta za ta samu jini? Don haka sai an ɗauki hoton jijiyar tukuna, kuma idan an ga ta toshe gaba ɗaya, yawanci akan fasa wannan aiki a nemi wani magani.