Darasi Na Goma Sha Biyu: Faranti Da Modem

Jama'a, yau za mu koyi yadda ake haɗa farantin tauraron ɗan Adam da modem. A ƙauyen da waya ba ta kai ba, ta wannan hanya ce asibiti ko makaranta ke samun intanet. In haɗin ya ɓaci, malamin asibiti ba shi da halin aika labarin mara lafiya zuwa birni. Saboda haka ku kasa kunne.

Tauraron yana can sama, nisan kilomita 35,786. Yana kewaya duniya sau ɗaya a kwana guda, daidai da juyawar duniya. Shi ya sa kullum yana wuri ɗaya a sararin sama, faranti kuma ba ya bukatar motsi. A shekarar 2011 aka harba wa Nijeriya irin wannan tauraro daga ƙasar Sin, sunansa NigComSat-1R.

A gaban faranti akwai na'ura biyu. Ta fari ita ce mai karɓa, an rubuta LNB a jikinta. Ta biyu ita ce mai aikawa, an rubuta BUC. Shi kuwa modem ɗan akwati ne da ke cikin ɗaki. Aikinsa aikin tafinta ne, watau yana juya maganar tauraro ta zama wadda kwamfuta ke ganewa.

Waya biyu ke fitowa daga faranti. A bayan modem kuma akwai kafa biyu. Wayar mai karɓa ta shiga kafar da aka rubuta RX. Wayar mai aikawa ta shiga kafar TX. Kada ku musanya su. Tun kafin ku ja su zuwa ɗaki, ku ɗaura wa ɗaya jan zare a kai da gindi, don kada ku ruɗe.

Ku lura da wannan ƙwarai. Ta cikin wayoyin nan modem ke aika wutar lantarki zuwa na'urorin faranti. To, kullum ku kashe modem kafin ku ɗaura waya ko ku kwance ta. Kada kuma ku bar silin ragar waya ya taɓa jan ƙarfen tsakiya. Sili ɗaya ya isa ya ƙona kaya masu tsada.

Sa'an nan sai maganar lamba. Saƙon tauraro ya fi ƙarfin waya, sai mai karɓa ta rage shi tukuna. Adadin da take ragewa an rubuta shi a jikinta, misali 9,750 ko 10,600. Dole a shigar wa modem wannan adadi ta kwamfuta.

Mu yi lissafi. Saƙo ya zo a kan 12,000. Mai karɓa ta rage 10,600. Saura 1,400, a nan saƙon yake. Amma in kun rubuta 9,750 bisa kuskure, modem zai tafi nema a 2,250, ba zai sami kome ba. Kamar mutumin da ya tafi cin kasuwa ranar da ba ta ci. Faranti lafiya lau, waya lafiya lau, amma shiru. Mutane da yawa sun hau rufi suna ta juya faranti a banza, alhali lamba ce ba daidai ba.

In lamba ta yi daidai, sai a juya faranti sannu sannu. Mutum ɗaya na juyawa, ɗaya na duban kwamfuta, har alamar ƙarfin saƙo ta kai matuƙa. Sa'an nan a ɗaure notuna tam. Kada kowa ya tsaya gaban faranti sa'ad da yake aikawa.

Daga ƙarshe, ku naɗe mahaɗin waya na waje da tef, don ruwan damina. Ku bar waya ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango, ruwa ya ɗige a waje. Ku haɗa faranti da ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa, saboda tsawa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin modem?
2. Wace waya ke shiga kafar RX?
3. Don me ake kashe modem kafin a taɓa waya?
4. Saƙo ya zo a kan 11,000, mai karɓa ta rage 9,750. Nawa ya saura?