DARASI GA ƘUNGIYOYI: BIRKIN TIRELA DA NA'URAR SARRAFA SHI

'Yan'uwa manoma, ƙungiyar da ta mallaki motar a-kori-kura takan so ta ƙara mata ƙaramar tirela a baya, domin a ɗauko taki ko a kai masara kasuwa a sawu ɗaya maimakon biyu. Dabara ce mai kyau, gama tana rage kuɗin mai. Amma mukan tambayi ko motar za ta iya jan kaya, mu manta da tambayar ko za ta iya tsayar da shi. Wannan darasi a kan tsayarwa ne.

Lissafin nauyi

A ce nauyin tirela ba kaya kilo 500 ne. Muka loda mata buhun taki 30, kowanne kilo 50, wato kilo 1,500. Jimla kilo 2,000 ke nan, kusan daidai da nauyin ita kanta motar. Idan tirelar ba ta da birki, birkin mota kaɗai zai tsayar da nauyi ninki biyu, nisan da za a ci kafin a tsaya kuwa zai kusan ninkawa. Gudu ya fi wannan muni: in aka ninka gudu, nisan tsayawa yakan ninka sau huɗu.

A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, tirela takan riƙa tura motar daga baya, birki ya yi zafi har ya daina kamawa. In kuwa direba ya taka da ƙarfi a kwana, tirela ta iya ture gindin motar gefe, su naɗe kamar wuƙar aljihu. Saboda haka a Ingila doka ta hana jan tirela marar birki in nauyinta da kaya ya wuce kilo 750. A jihohi da yawa na Amurka iyakar wajen kilo 1,360 ce.

Mu fara duba tirelar

Kafin ma'aji ya fitar da ko kwabo, a leƙa ƙarƙashin tirela. Iri uku ne.

1. Marar birki sam. Irin wadda masu walda kan haɗa da tsohon gatari sau da yawa haka take. Na'ura ba za ta yi mata kome ba, sai an sa mata gatari mai birki tukuna.

2. Mai birkin turawa. Idan mota ta rage gudu, tirela ta turo, wuyanta yakan matse ya kama birki da kansa. Irin wannan ta fi yawa a Turai, ba ta bukatar na'ura.

3. Mai birkin lantarki. Za a ga wayoyi biyu suna shiga bayan kowace taya. Ita ce ta fi yawa a Amurka, Kanada da Ostareliya, ita ce kuma take bukatar na'urar da muke magana a kai.

A cikin tayar irin ta uku akwai maganaɗisu. Idan wuta ta shige shi, sai ya manne wa ƙarfen da ke juyawa tare da taya, ya ja wani hannu, hannun ya buɗe birki ya kama. Wuta kaɗan, kamu kaɗan. Wuta da yawa, kamu da ƙarfi. Aikin na'urar, wadda ake kafawa kusa da direba, shi ne auna yawan wutar da za a aika.

Wace na'ura za mu saya?

Iri biyu ne. Ta farko mai ƙidayar lokaci ce: da an taka birki sai ta riƙa ƙara wuta a hankali har iyakar da aka sa mata, ko takawar sannu ce ko ta gaggawa. Ta fi araha, amma takan fizgi mota a tafiyar cikin gari. Ta biyu tana jin yadda motar ke rage gudu, ta ba tirela birki daidai da haka. Ta fi tsada, amma ga mai bin tudu da gangara da kaya mai nauyi ita muke ba da shawara. Lalle a kafa ta yadda takardarta ta nuna, gama in an karkata ta ba za ta auna daidai ba.

Yadda ake haɗa wayoyi

Wannan aikin mai gyaran wutar mota ne, amma ya kamata direba da wani ɗan kwamiti su tsaya a kai. A fara cire wayar batir ta gefen ragi. Yawancin waɗannan na'urori wayoyi huɗu gare su:

Baƙa: zuwa gefen ƙari na batir. A sa mata abin katse wuta mai sake haɗa kansa, na amfiya 20 ko 30 bisa ga yawan tayoyi. Kada a sa fiyus, domin in ya ƙone a tsakiyar gangara, birki ya tafi ke nan.

Fara: zuwa gefen ragi na batir kai tsaye. Kada a ɗaura ta a kan ƙarfe mai tsatsa ko fenti.

Ja: zuwa makunnin fitilar birki da ke saman inda direba ke takawa. A nemi wayar da ke samun wuta sai an taka birki kawai. Fitilar gwaji za ta nuna ta.

Shuɗiya: ita ce mai kai wuta baya, zuwa soket mai baki bakwai inda wayar tirela ke shiga.

Launin wayoyin mota ba lalle ya yi daidai da na na'ura ba, don haka a gwada, kada a yi cinta. Kowane maganaɗisu yakan ja wajen amfiya 3, wato tirela mai taya huɗu wajen 12. Siririyar wayar rediyo ba za ta ɗauka ba. A sayi mai kauri, a ɗaure ta nesa da salansa da bakin ƙarfe mai kaifi. Waɗansu motocin zamani sukan zo da soket na musamman a ƙarƙashin sitiyari. In akwai, a yi amfani da shi, kada a yanke waya.

Daidaita ƙarfi

Nan ne darasin yake. A jikin na'ura akwai abin murɗawa mai lambobi, da maɗannin hannu wanda ke kama birkin tirela ita kaɗai. A sami hanya shimfiɗaɗɗiya, busasshiya, ba mutane. A taka birki 'yan lokuta ya ɗumama. Sa'an nan a yi gudun kilomita 40 a awa, a danna maɗannin hannu har ƙarshe. In tayoyin tirela suka kafe suna jan ƙasa, a rage lamba. In ba a ji tirela tana riƙe motar ba, a ƙara. Wurin da ake nema shi ne gab da kafewa.

Abin lura: lambar da ta dace da buhu 30 ta yi wa tirela marar kaya yawa, za ta cinye taya. Wadda ta dace da marar kaya kuwa ba za ta riƙe buhu 30 ba. Tilas a sake daidaitawa duk lokacin da kaya ya canza, haka kuma in an bar kwalta an hau burji, ko ruwa ya sauka. A rubuta lambobin a takarda a manna kusa da sitiyari, domin direba na biyu.

A kan hanya

A loda kaya ya ɗan rinjaya gaba, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya sauka a kan ƙugiyar mota. In tirela ta fara wutsil-wutsil, direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sak, ya danna maɗannin hannu a hankali. Za ta miƙe. A gangara a sa ƙaramar giya tun daga sama. Bayan an ratsa rafi da damina a gwada birki, gama ruwa da laka abokan gāban birkin lantarki ne. A kuma duba ɗan batir da igiyar gaggawa da ke wuyan tirela, masu kama birki in ta tsinke daga mota. A ɗaura igiyar a jikin mota, ba a kan sarƙa ba.

Na'ura ba ta ƙara wa mota ƙarfin ja. Iyakar da masu ƙera motar suka rubuta tana nan daram. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don taron ƙungiya

1. Tirelarmu wace iri ce cikin ukun nan?
2. Buhu nawa muka saba lodawa, kilo nawa ke nan?
3. Wa zai riƙa gwada birki kafin kowace tafiya, wa kuma zai shaida an yi?
4. In direba ya ce kaya ya yi yawa, wa ke da ikon cewa a rage?