Darasin Wata: Cinikin da Mai Saye Bai Ga Kaya Ba

 Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

Yau da wuya ka shiga gida a Nima, ko Sabon Zango, ko Aboabo ta Kumasi, ba ka tarar da mai sayar da wani abu ta waya ba. Wannan tana da atamfa da mayafi, waccan turare da humra, wancan takalma ko wayoyi na hannu. Ana ɗora hoto a WhatsApp, Facebook, TikTok ko Jiji, kuɗi su shigo ta MoMo, mai babur ya kai kaya. Tun da MTN ta fara MoMo a Gana a 2009, kuma aka haɗa layukan kamfanoni a 2018 ta yadda kuɗi ke tsallakawa daga wannan layi zuwa wancan, sai kasuwa ta shigo har cikin ɗaki. Alheri ne babba, musamman ga matan aure da zawarawa da ba su da kuɗin kama shago.

Sai dai wannan kasuwa ta zo da nauyin da ta Makola ko Kejetia ba su ɗora wa ɗan kasuwa ba. A can mai saye yana taɓa yadi, ya shinshina turare, ya ɗaga takalmi ya duba ɗinki. A waya kuwa ba shi da ido sai hotonka, ba shi da hannu sai maganarka. Saboda haka duk abin da idonsa da hannunsa za su gano masa ya koma wuyanka. Wannan shi ne jigon darasinmu.

Abin da magabata suka sani

Sayen abin da ba a gani ba ya daɗe a cikinmu. Kakanninmu da suka yi fataucin goro ta Salaga suna sauka ne wurin maigida, shi ya ba baƙo masauki, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Baƙon bai san kowa ba, amma ya san sunan maigida, kuma maigida ya san ranar da sunansa ya ɓaci gidansa ya mutu. A intanet babu maigidan da zai tsaya maka. Kai ne maigida, kai ne dillali, sunanka ne jingina.

Littattafan da muke karantawa a makarantun zaure ma sun yi magana a kai. Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, ta halatta sayar da kayan da ba sa wurin ciniki idan an siffanta su. Ta kuma halatta sayen ƙunshin kaya a ɗaure bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Idan kaya suka zo daidai da siffa, ciniki ya tabbata. Idan suka saɓa, mai saye yana da zaɓin mayarwa. To, hoto da rubutun da kake sawa a ƙarƙashinsa su ne siffa a zamaninmu.

Na ɗaya: hoto da siffa

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzo ya nuna masa cewa kamata ya yi jiƙaƙƙen ya kasance a sama inda mutane za su gani, ya kuma nisanta mai algus daga kansa. Ku lura, mutumin bai faɗi ƙarya da baki ba. Shirya tsibin kawai ya yi yadda aibi zai ɓuya.

Haka hoto yake. Wanda ya ɗauko hoton kamfani daga intanet alhali abin da ke hannunsa kwaikwayo ne, da wadda ta ƙara wa hoto haske har launin yadi ya canza, da wanda ya juya waya ta gefen da tsagar gilashi ba za ta fito ba, duk sun mayar da jiƙaƙƙen hatsi ƙasa. Ga abin da ya kamata:

Ka ɗauki hoton kayan da ke hannunka, da hasken rana, gaba da baya. Ka faɗi awo da lamba: yadi 6 ne ko 12, kwalbar mililita nawa ce, olonka cike ce ko an rage. Idan atamfa zanen GTP aka kwaikwaya, ka ce kwaikwayo ce, ka sa mata kuɗinta. Akwai masu sonta a haka. Idan waya an taɓa buɗe ta ko an canza mata gilashi, ka rubuta. Idan gwanjo ne, ka nuna tabo ko ɗinkin da ya saki kafin a tambaye ka. Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu cika mudu idan su za su karɓa, su tauye idan su za su bayar. Tauye bayani ɗan'uwan tauye mudu ne.

Na biyu: talla

Talla halal ce, kuma kaya ba sa sayar da kansu. Ka yabi kayanka da abin da ke cikinsu. Abubuwa uku ne suka yi yawa a tallarmu da ya kamata mu bari.

Rantsuwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa rantsuwa tana tafiyar da haja amma tana shafe albarka. Saƙon murya da ya fara da wallahi ya ƙare da tallahi a kan turaren sidi 50 bai dace da sunan Allah ba.

Shaidar ƙarya. Annabi (SAW) ya hana najashi, wato mutum ya taya kaya da tsada ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi wani. Idan ka sa ƙanwarka ta rubuto yabo kamar baƙuwa ce, ko ka haɗa hirar bogi ka ɗauki hotonta, ko ka sayi mabiya don a ɗauka kasuwarka ta cika, manufar guda ce: ruɗar mai saye da sha'awar da babu ita. Haka nan cewa saura biyu alhali kwali cike yake, ko a ƙara kuɗi yau don gobe a ce an yi ragi.

Alkawarin waraka. Masu sayar da maganin gargajiya da man shafawa su kula sosai. A dokar lafiyar jama'a ta 2012, tallar magani ko abinci ko kayan shafa tana buƙatar amincewar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wadda muka fi sani da FDA, kuma dokar ta hana tallata abu a matsayin maganin wasu cututtuka, irin su ciwon suga, hawan jini da ciwon daji. Wanda ya ajiye maganin asibiti saboda maganarka ya faɗi, ba a kotu kaɗai za a tambaye ka ba.

Na uku: sayar da abin da ba ya hannunka

Wannan ya yawaita ga matasa. Yaro ya ɗauko hotuna daga wata mai shago a Kantamanto ko wani ɗan sari a Dubai, ya sa nasa farashi, sai an biya shi sannan ya tafi nema. Wani lokaci ya tarar kaya sun ƙare, ko kuɗi ya tashi, sai ya aika wani abu dabam ko ya kashe waya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Hakimu bin Hizam ya tambayi Annabi (SAW) game da mutumin da zai zo masa neman abin da ba shi da shi, ya sayar masa sannan ya je kasuwa ya sayo, sai Annabi ya hana shi.

Shari'a ba ta rufe ƙofa ga marar jari ba. Hanya ta farko, ka zama dillali ko wakili a fili: ka gaya wa mai saye kayan na wata Hajiya ne, kai kana da ladanka, ko ka ce zan sayo maka, kuɗin wahalata kaza. Hanya ta biyu ita ce cinikin salam, wato a biya kuɗi gaba a kan kaya masu siffa sananniya, awo sananne da wa'adi sananne, kuma kawo su ya zama bashi a wuyanka. Risala ta fi son wa'adin ya kai kwana 15, ko kuma a karɓi kayan a wani gari. Masu karɓar odar abaya da jallabiya kafin azumi su zauna da malami su gyara sharuɗɗansu tun kafin su fara karɓar kuɗin mutane.

Na huɗu: kuɗi da kai kaya

Ka faɗi farashi gaba ɗaya tun farko, har da kuɗin mai babur ko na mota. Kada a gama ciniki sannan ka ɓullo da wani ƙari. Harajin tura kuɗi ta waya da aka fara a watan Mayu 2022 an soke shi a Afrilu 2025, don haka ba daidai ba ne a ci gaba da ɗora wa mutane shi.

Game da sharɗanta biya kafin a kai kaya, malaman Malikiyya sun yarda da shi idan kayan suna kusa, suka ƙiyasta kusancin da kamar tafiyar kwana 2. Idan da nisa sun hana a sharɗanta, domin in kaya ba su iso ba kuɗin ya zama kamar rance da mai sayarwa ya amfana da shi. Daga Accra zuwa Kumasi ko Tamale mota tana kaiwa cikin yini ko dare guda. Amma ko a nan, kuɗin da aka biya ka kafin kaya su isa ka riƙe su kamar ajiya. Kada ka yi cefane ko zubin adashi da su. Kuma asali a mazhabarmu, idan kaya suka ɓace ko suka lalace a hanya kafin mai saye ya karɓa, asarar ta mai sayarwa ce, sai in an yi sharaɗin akasin haka. Don haka ka ɗaure kaya da kyau, ka karɓi rasit a tasha, ka tura wa mai saye hotonsa da lambar direba.

Ka fayyace ƙa'idar mayar da kaya kafin a biya: kwana nawa, kuma wa zai biya kuɗin dawowa. Rubuta cewa ba a mayar da kaya ba ya kuɓutar da wanda ya ɓoye aibi. Idan kuma babu aibi, mai saye ne kawai ya yi nadama, karɓar kayan daga hannunsa kyautatawa ce da hadisi ya kwaɗaitar a kai.

Idan da bashi, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Saƙo guda a WhatsApp mai ɗauke da adadi da ranar biya yana hana rigimar da za ta raba zumunci.

Na biyar: kare kai da kare amanar mutane

Mai gaskiya ba wawa ba ne. Kada ka saki kaya saboda hoton saƙon biya. Ka shiga asusunka ka ga kuɗin da idonka. Wanda ya kira ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure, ka ce ya nemi kamfanin layin. Lambar sirrinka kada ka ba kowa, ko da ya ce daga ofis yake. Idan an damfare ka, Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa tana karɓar ƙara ta lamba 292. Yana da kyau ka raba layin kasuwa da na gida, kuma idan harka ta kama ƙasa ka yi wa sunan kasuwancinka rajista a ofishin rajistar kamfanoni.

Lambobin abokan ciniki, adireshin gidajensu da hotunansu amana ne. Kada ka jefa mutum cikin zauren talla ba da izininsa ba, kada ki ɗora hoton matar wani sanye da kayanki sai ta yarda, kada a tona mai bashi a idon duniya. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, addini kuwa ya riga ta.

Nasiha ga iyaye

Da yawa daga cikin iyayenmu mata su ke da kaya, 'ya'ya ko jikoki ke riƙe da waya. Hajiya, ki sa a karanta miki abin da aka rubuta da sunanki, a nuna miki hoton kafin a ɗora. Alhaji, idan ka ga yaro da sabuwar waya da sabon babur, tambayar me yake sayarwa da kuma yadda yake sayarwa haƙƙinka ne, tun da daga ciki ake kawo cefane. Mun san abin da ake faɗa a kan yaran zango idan an kama ɗan damfara guda. Kowane ciniki mai tsafta yana wanke mana suna, kowane na cuta yana rufe wa yaro na gari ƙofa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa idan mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka a cinikinsu. Idan suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe ta. Mai saye ma yana ciki: wanda ya yi oda ya sa aka biya mai babur sannan ya ƙi ɗaga waya ya ci haƙƙin wani.

Tambayoyin tattaunawa a gida

1. A cikin hotunan da muka ɗora wannan mako, akwai wanda mai saye zai ji an ruɗe shi idan ya ga kayan?
2. Akwai kuɗin wani a hannunmu da ba mu kai masa kayansa ba? Yaushe za mu kai?
3. Abin da muke tallatawa namu ne, ko dillanci muke yi? Mai saye ya sani?

Allah ya ba mu halal mai albarka, ya tsare mu daga cin haƙƙin mutane, ya shirya mana zuri'a. Amin.