Yadda Ake Sa Safar Hannu Wajen Gyaran Mota a Gida

Wanda ke kwana a Keffi yana aiki a Abuja ya san abin da hanya ke yi wa mota. Kusan kilomita 50 ne zuwa, haka kuma dawowa, ga cunkoson Masaka da Mararaba da Nyanya, inda inji ke ta ɗaukar zafi alhali motar na tsaye, ƙafa kuma ba ta sauka daga kan birki. Irin wannan motar ba ta daɗewa ba ta nemi juyen mai ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai na mota ya yi tsada, shi ya sa ranar Asabar za ka ga magidanci a Angwan Lambu ko Dadin Kowa ya ɗaga bonet a ƙofar gida, yana yin aikin da a da sai ya kai wa bakanike. Wannan abin a yaba ne. Abin da ke damuna shi ne hannun da yake aikin da shi, haka nan ba kariya, cikin baƙin mai da ruwan batir, alhali in an jima da shi zai ci tuwo, da shi zai ɗauki jaririnsa.

Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da ragowar ƙonannen fetur da ɓurɓushin ƙarfe. Gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna cewa in ya daɗe yana zama a fata yana iya kawo ciwon daji, kuma shi ya sa littafin da ke zuwa da mota yake gargaɗi a kansa. Tun a shekarun 1920 likitoci a Ingila suka gano irin wannan ciwo a jikin ma'aikatan masana'antun zare na Lancashire, waɗanda man injin kaɗi ke jiƙa wa tufafi kullum. Mai gyara sau ɗaya a wata bai kai su haɗari ba, amma kaushi da ƙaiƙayi da tsagewar fata ba sa jiran shekaru, balle da hunturu.

Matakin farko shi ne ka san aikin da za ka yi kafin ka sayi safa, domin safa ɗaya ba ta yin kowane aiki. Iri uku ya kamata mai mota ya ajiye. Ta farko siririya ce irin ta asibiti, wadda ake sawa sau ɗaya a yar, ana samunta a kemis da shagunan kayan asibiti, yawanci guda 100 a kwali. A nan mutane ke yin kuskure. Fara mai ruwan madara, wadda aka yi da ƙaron itacen roba, mai da fetur na sa ta kumbura ta yi laushi ta yage. Ka duba jikin kwalin, ka ɗauki wadda aka rubuta Nitrile, galibi shuɗiya ce ko baƙa, ita ce ke jure mai da giris. Ta biyu roba ce mai kauri, mai dogon wuya da ke wuce tsintsiyar hannu, wannan ta batir ce. Ta uku ta aikin ƙarfi ce, ta fata ko ta yadi mai shafen roba a tafi, irin wadda masu kayan gini ke sayarwa, don taya da jak da duk wani ƙarfe mai kaifi. In ka ga hoton guduma da rubutun EN 388 a bayanta, lambobin da ke ƙasa na nuna juriyarta ga gogayya da yanka da yagewa da huda, kuma babbar lamba ta fi. Hoton kwalbar gwaji da EN 374 kuwa alama ce ta kariya daga sinadari.

Safar ulu da 'yan acaɓa ke sawa da sanyin safiya kada ta kusanci inji. Shanye mai take yi ta riƙe shi a jikin fata, gara ma hannu haka nan da ita.

Girma ma abin lura ne. Kanikawa da yawa za su ce maka safa na kashe hannu, mutum ba ya jin ko noti ya hau daidai ko ya karkace. Suna da gaskiya in safar ta yi yawa, bakin yatsun na reto. Wadda ta kama hannu cif ba ta hana ka jin zaren noti. Ka gwada kafin ka biya: ka dunƙule hannu, ka ware, ka ɗauki ƙaramin abu kamar allura ko ashana daga kan tebur.

Kafin safa ta hau hannu akwai shiri. Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyi da dutse, ka zare makulli ka sa a aljihu. Babbar riga da kaftani mai faɗin hannu a cire su, a sa riga mai kama jiki. Sannan ka cire agogo da zobe. Yawancinmu muna da zoben azurfa da ba ma rabuwa da shi, amma in ya haɗa kan batir da ƙarfen mota, ko kai tsaye ko ta jikin sifana, wutar da za ta bi ta cikinsa na iya sa shi ja zir cikin ƙiftawar ido ya ƙone yatsa zagaye. Batirin mota bolt 12 ne kacal, ba ya jan mutum kamar wutar gida, amma ƙarfin da yake tada inji da shi ya isa ya narka ƙarfe. Ka yanke farce, ka wanke hannu ka tsane shi sosai, in akwai ciwo ka rufe da filasta. Ita kuma safar ka hura mata iska ka murɗe bakinta ka matsa, in tana sacewa ta huje, ɗauki wata.

Wajen juyen mai siririyar za ka sa, kuma ya fi kyau ka sa biyu a kowane hannu, ɗaya bisa ɗaya. Mai ya fi tsiyaya in yana da ɗumi, sai dai siririyar safa ba ta tare zafi ko kaɗan, don haka ka bar injin ya huce har ka iya ɗora hannu a ƙasansa ba tare da ka janye ba. Ka sassauta notin tsiyaya da sifana, sauran ka ƙarasa da yatsu kana danna shi ciki, sai ya zo zaren ƙarshe ka fizge shi gefe da sauri, man ya zuba a roba, ba a hannunka ba. Filta ma a cike take da mai, ka sauko da ita bakinta na sama. Da zarar safar waje ta yi santsi ka cire ta, ka ci gaba da ta ciki mai tsabta, domin hannu mai santsi shi ke suɓucewa daga sifana ya daki ƙarfe. Noti mai tauri kuwa janyo sifanar za ka yi wajenka. In dole sai turawa, ka tura da buɗaɗɗen tafi don kada gaɓoɓin yatsu su sha duka. Muddin safar na hannunka, waya ta yi ta ƙara, kada ka ɗauka, kada ka share gumi, kada ka sosa ido.

In fetur ya zubo wa siririyar safa, ka canza ta nan take. Fantsama kawai take iya tarewa, in ta jiƙe yana ratsa ta. Haka man birki, wanda ke cin fentin mota.

Batir sai da mai kauri, da tabarau in akwai. Ruwan cikinsa asid ne mai cin fata da tufafi, farin garin nan da ke taruwa a kansa shi ma yana ci. Ka fara kwance wayar da ke da alamar ragi, wato baƙar, sannan jar. Wajen mayarwa jar ce farko, baƙar ƙarshe. Ba shan taba a wurin, ba kunna ashana, saboda batir na fitar da iska mai kama wuta. In ruwan ya taɓa fata, a yi ta kwarara ruwa mai yawa kamar minti 20. In ido ne, a wanke haka sannan a nufi asibiti ba jinkiri, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan cikin garin Keffi.

Inda na fi jin tsoron safa shi ne lagireto, domin tana sa wa mutum ƙarfin halin da bai kamata ba. Mota ta yi zafi a hanya, mutum ya sa safa ya ce ai yanzu zai iya buɗe murfin. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwa, da an sassauta murfi sai ya yi tsiri har fuska. Safar yadi in ta sha irin wannan ruwa riƙe zafin take yi a fata, ƙunar ta fi zurfi kafin a iya zare ta. Babu safar da ta halatta buɗe lagireto da zafi. Ka jira har babban tiyon sama ya huce, ka matsa shi ka ji ya yi laushi, sannan ka ɗora tsumma mai kauri ka murɗa a hankali.

Canjin taya sai da safa ta ukun, ta aikin ƙarfi. Tayar da ta cinye tana fito da siraran wayoyin ƙarfe masu shiga yatsa, notocin kuma in an sha taka birki zafi gare su. Duk wanda ƙarfe mai datti ya yi wa huda mai zurfi ya je a duba ko yana buƙatar allurar tetanus. Amma safa ba ta hana mota danne hannu. Jak kaɗai ba abin yarda ba ne, ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar ko ka sa matokari mai ƙarfi kafin hannunka ya shiga.

Akwai kuma lokacin da cire safar shi ne daidai. In inji na aiki, kana son jin ƙara ko duba yoyo, ka cire ta gaba ɗaya, ka kuma nisanta hannu daga fambel da fanka. Bel in ya kama bakin safa ba ya saki, jan hannun yake yi duka. Fankar motocin yanzu ta lantarki ce, wasu na iya tashi da kansu ko bayan an kashe mota in inji na da zafi. Haka dokar take ga injin huda ƙarfe da duk abin da ke juyawa da gudu.

Cirewa ma da yadda ake yi. Ka tsunkuli bayan safar hagu wajen tsintsiyar hannu, ka ja ta tana juyewa ciki ya koma waje, ka dunƙule ta a hannun dama. Sai ka zura yatsu biyu na hagu ta cikin bakin ta dama, ka juye ta a kan ta farkon. Dattin duk ya kulle a ciki. Ka ƙulle su a leda ka kai inda yara ba za su gani ba, domin yaro in ya tsinci safar roba bakinsa zai kai ya hura ta. Mai kauri kuwa ka wanke ta da omo tun tana hannunka, ka shanya a inuwa, rana na sa roba ta bushe ta tsattsage.

Ko da safa, a wanke hannu bayan aiki, amma ban da fetur ko kananzir. Wannan al'ada ta gareji tana kwashe maiƙon fata ta bar ta a bushe, fetur kuma na da sinadarin da ke ratsa fata ya shiga jini. In giris ya maƙale, ka murza ɗan man gyaɗa ya narkar da shi, ka bi da sabulu, har ƙarƙashin farce, yadda ruwan alwala zai isa fata. Da hunturu ka shafa man kaɗe. Da zafin Maris da Afrilu kuwa gumi ne ke taruwa a cikin safa har fata ta yi fari, don haka ka yi aikin da sanyin safiya, ka riƙa cirewa kana tsane hannu kana sa sabuwa.

Baƙin man da ka tara ka juye a jarka ka rufe, ka kai gareji inda ake karɓa. In ka zuba a lambatu, ruwan sama zai kai shi rafin Antau, in ka zuba a ƙasa yana iya sauka rijiyar unguwa. Sannan ka ɗauki safar aikin ƙarfi da sirara kamar guda shida ka sa a leda, ka ajiye a but kusa da jak, saboda faci na iya samunka a hanyar Akwanga da tsakar rana kana sanye da fararen kaya.