BABI NA BAKWAI: HARSHEN CINIKI DA DARAJAR TSOHON KAYAN BUSA

7.0 Gabatarwa

Wannan babi zai dubi yadda ake saye da sayar da tsofaffin kayan busa, ta hanyar kwatanta saksofon, wanda ke da babbar kasuwa a Turai da Amurka, da algaita da kakaki, waɗanda ɗalibin da ya tashi a Jega ko Aliero ko Maiyama ya saba jin amonsu a bukukuwan sarauta. Abin da ake son malamin gobe ya kama shi ne, kalmar "tsoho" ba ma'ana ɗaya gare ta ba a bakin ɗan kasuwa. Wani lokaci takan karya kuɗin haja, wani lokaci kuwa ita ke ninka shi.

7.1 Saksofon da Kasuwarsa

Saksofon abin busa ne na farin ƙarfe mai ruwan tagulla, kuma sunansa daga sunan maƙerinsa ya fito, wato Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, wanda ya yi masa rajista a Paris a 1846. A Afirka ya yi suna a hannun Fela Kuti na Nijeriya da Manu Dibango na Kamaru. Bahaushe kuwa ya fi ganin danginsa a wurin 'yan badujala, kamar begila, wadda ita ma sunanta aro ne daga Ingilishi, kamar yadda aka aro algaita daga Larabci.

Masu cinikin tsohon saksofon ba tsufa zalla suke saye ba. Abu na farko da suke dubawa shi ne sunan kamfanin da ya ƙera shi da lambar da aka buga a bayansa, domin ita ke nuna shekarar ƙira. Samfurin da aka fi rububi shi ne Mark VI na kamfanin Selmer da ke Faransa, wanda aka fara ƙerawa a 1954, aka ci gaba har wajen shekara 20, kuma da shi John Coltrane da Sonny Rollins suka yi busa. Mai lamba biyar, wato na farko-farko, ya fi mai lamba shida tsada. Daga nan sai a duba wuyansa, ko na asali ne ko aro aka yi daga wani. Fatun da ke toshe ramukansa kuwa ba a damu da su ba, don dama sukan mutu a sauya su.

Inda abin ke ba baƙo mamaki shi ne batun ƙyalli. Saksofon da ya koɗe, amma shafensa na asali ne, ya fi wanda aka goge aka sake wa shafe kuɗi, saboda gugar takan ci ƙarfen, ta dusar da zanen da ke jikinsa. Ashe gyaran da zai ɗaga darajar tsohon babur shi ne ke zubar da ta saksofon. Akwai kuma darajar bakin da ya busa. A 1994 an yi gwanjon wani saksofon na roba, ƙirar Grafton, a gidan gwanjo na Christie's da ke Landan, aka saye shi fam 93,500. Ba ingancinsa aka biya ba. An biya ne don Charlie Parker ya busa shi a wani wasa a Toronto a 1953.

7.2 Bakin Ciniki a Kasuwar Jega

Jega tsohuwar cibiyar fatauci ce tun ƙarni na 19, lokacin da ayarin goro ke ratsa ta zuwa Gwanja. Saksofon ba hajarta ba ce, amma kalmomin da ake bukata don cinikinsa duk akwai su a bakin dillalanta, da dillalan albasa na Aliero, da masu hatsi da dabbobi na Maiyama. Tushe ɗaya ne ya haifi "saya", aikatau giredi na 2, da "sayar da", giredi na 5, wanda ke nuna fitar abu daga hannun mai shi. Tsakanin biyun ne sauran kalmomin ke aiki: taya, albarka, ragi, ƙari, sallama, la'ada. A dubi wannan misali cikin karin harshen yankin:

"Baba, wagga algaita nawa ta?"
"Taya dai, yaro."
"Na saya dubu goma."
"Albarka."
"Baba, ai ta tsuhwa."
"Tsuhwan nan shi na kuɗɗinta."

A nan "albarka" ba addu'a ba ce, ƙin tayi ne cikin ladabi, ta yadda mai saye ba zai ji an kore shi ba. Ɗalibai da yawa sukan kawo ta a jarrabawa da ma'anarta ta ƙamus kawai, su rasa maki. Haka nan a lura da "na" da "ta" a gurbin "ne" da "ce", da "hw" a gurbin "f". Amma gaɓar da ta fi muhimmanci ita ce musayar ƙarshe: yaro ya jefa tsufa a matsayin aibi don ya sami ragi, dattijo ya cafe ta ya mai da ita hujja.

Hausa na da kalmomi da dama na abin da ba sabo ba. "Gwanjo" da "ɗan Kwatano" da "tsohon hannu" duk suna nuna an riga an mora, "kwantai" kuwa hajar da ta rasa mai saye ce ko da sabuwa ce fil. Dukansu sauƙin kuɗi suke nufi. Kalmar da ke ɗaga darajar tsohon abu ita ce "na gado" ko "na kaka da kakanni", ita kuwa da wuya a ji ta a bakin mai niyyar sayarwa.

7.3 Abin da Ba Ya Zuwa Kasuwa

Dalili kuwa shi ne, a al'ada kayan busan fada ba haja ba ne. Kakaki alamar sarauta ce, ba kowane basarake ake busa wa ba, balle talaka ya saya ya ajiye a ɗaki. Mabushin algaita yakan gaji tasa daga mahaifi ko maigidansa, in kuma sabuwa yake so sai ya ba da aiki: masassaƙi ya fafe itacen, maƙerin farfaru ya yi bututun, baduku ya naɗe ta da fata. Ba lamba a jikinta, ba sunan kamfani. Tarihinta yana cikin kan mai ita: wa ya busa ta, ga wane sarki, a wane hawa.

A nan hatsarin yake. Idan zuri'a ta bar sana'a, ko talauci ya matsa, sai mai neman kayan tarihi ya zo ya taya da kuɗin tsohon ƙarfe. Saksofon yakan tafi da lambarsa duk inda aka kai shi, algaita kuwa da zarar ta bar gida ta rabu da labarinta, ta zama itace da fata a kan kanta. Mai sayarwa ya yi asara sau biyu, don labarin da ya bari a baya shi ne abin da ya fi tsada. Bugu da ƙari, dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta sanya kayan kiɗan gargajiya da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana cinikinsu sai ta hannun wakilin da hukuma ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Iyalin da ba su iya riƙe irin wannan kaya suna da Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, cikin Jihar Kebbi.

7.4 Aikin Ɗalibi

Ɗalibi ya nemi wani mabushi ko makaɗi a garinsu, ya roƙi izininsa, ya rubuta tarihin kayan aikinsa guda ɗaya cikin karin harshen mai bayanin, ba tare da mai da shi daidaitacciyar Hausa ba. Ya kuma ja layi ƙarƙashin kowace kalma da aka yi amfani da ita wajen bayyana tsufan kayan, ya nuna ko yabo take ɗauke da shi ko kushe.