Kifa Fatar Ido Kafin Ka Rubuta Magani

Ya kai ɗalibin likitanci, in aiki ya kai ka Gure, gabas da Damagaram, ka sani ƙasa ce ta rairayi da iska. Da hunturu ya kama za ka tarar da iyaye mata a ƙofar asibiti, kowace da yaro mai jan ido da kwantsa. Za su ce maka apolo ne. Kada ka amsa sai ka duba, don yana iya zama amodari.

Apolo ya samo sunansa a Gana a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka kan wata da kumbon Apolo. Farat ɗaya yake zuwa, ya bi gida kaf, ya wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Amodari kuwa a hankali yake ɓarna. Ƙuda da hannu da gefen zane ke yaɗa shi, ya yi ta komowa tun ana yaro har ya makantar da mutum da girma.

Ga yadda za ka gane shi. Wanke hannunka, ka sa yaro ya dubi ƙasa, ka kama gashin idon sama ka kifa fatar. In ka ga ƙuraje farare biyar ko fiye, ƙanana kamar tsakin gero, to amodari ne. Maganinsa man ido na tetrasiklin, safe da yamma har mako 6, ko azitromisin a sha sau ɗaya. Ka tambayi sauran yaran gidan, don da wuya ya tsaya kan mutum guda.

In tsohuwa ta zo da matsefata rataye a wuya tana tuge gashin ido, fatar ce ta lanƙwashe ciki, gashi na gogar baƙin ido. Tura ta a yi mata ƙaramar fiɗa tun hakiya ba ta rufe shi ba. Mai yanar ido kuma a kai shi babban asibitin Damagaram, kada ya yarda a soke masa ido a kasuwa. Yaron da ke lalube da magariba dundumi gare shi, bitamin A yake bukata, musamman bayan ƙyanda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora yaƙi da amodari kan abu huɗu: fiɗa, magani, wankin fuska da tsabtar muhalli. Biyun farko aikinka ne, biyun ƙarshe na gida ne. Saboda haka kafin uwa ta fita, ce mata: "Inna, ko ruwa ya yi wuya, rabin buta ya isa wanke fuskar yaran nan kowace safiya."