Yadda za mu yi duwatsun takawa kafin damina

Ƙasar Simsim baƙar laka ce, irin ta yawancin gonakin Gadarif. Da rani tana tsagewa har hannu ya shiga, da damina kuwa, daga Yuni zuwa Oktoba, sai ta kumbura ta zama taɓo mai cire wa mutum takalmi. Dutse kuma yana da wuyar samu a nan. Masu shan wahala su ne tsofaffi, da masu juna biyu, da yara masu zuwa banɗaki da dare. Don haka bari mu ƙera dutsen da kanmu.

Abin da ake bukata: siminti, yashi, tsakuwa, ruwa, da tsohon daro ko roba mai faɗi. In babu tsakuwa, a farfasa jan bulo ƙanana. Yashin a ɗebo shi daga kwari, mai tsabta. Kada a ce za a ƙara auki da baƙar lakar nan. Ita ce ke sa dutsen ya dare tun bai yi wata ba, kuɗin siminti ya tafi a banza.

Awo shi ne: siminti kwano 1, yashi 2, tsakuwa 3. A gauraya su a bushe sai launi ya zama ɗaya, sannan a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Kwaɓin ya yi kauri kamar tuwo, ba kamar kunu ba. Ruwa da yawa yana sauƙaƙa aiki, amma yana kashe ƙarfin dutse.

A shimfiɗa leda a cikin daron, a zuba kwaɓin kaurin yatsu huɗu, a bubbuga gefe don iska ta fita. Idan ya fara kamawa, a ja tsintsiya a kansa ya yi kaushi, domin dutse mai sulɓi ya fi taɓo kayar da mutum. Bayan kwana 2 a juye shi. Wanda ba shi da daro ya haƙa ɗan rami mara zurfi, ya shimfiɗa leda, aikin ɗaya ne.

A nan ne yawanci ake gaggawa. Siminti ba rana ke ƙarfafa shi ba, danshi ne. A ajiye duwatsun a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Ruwan ɗauraya ma ya isa.

Buhu ɗaya mai kilo 50 zai ba da kimanin duwatsu 20 masu faɗin faranti babba, don haka gara gida huɗu ko biyar masu banɗaki ɗaya su haɗa kuɗi. Wajen jerawa, a zuba yashi a ƙarƙashin kowane dutse, tazarar ta zama takun yaro, ba na babba ba, kuma kada a toshe magudanar ruwa.

Ɗanyen siminti yana cin fata. A ɗaure hannu da leda, a nisanta yara. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a je asibitin sansani. Kafin a ɗaga dutsen da ya kwana a ƙasa, a fara tura shi da sanda saboda kunama.